Mun Ɗinka Wa Doki, Sun Ɗinka Wa Gado

A Katsina, da zarar jaura ta fara kaɗawa a watan Disamba, hazo ya lulluɓe hasumiyar Gobarau, sai ka ga magidanta sun nufi Babbar Kasuwa neman bargo da rigunan sanyi na yara. A nan jihar Nebraska ta Amurka, inda nake zaune, idan aka yi shelar cewa guguwar dusar ƙanƙara na tafe, mata da yawa kwandon ƙyalle suke jawowa, su zauna ɗinka abin rufa da hannunsu. Mu sanyi kasuwa yake kai mu, su kuwa ɗaki yake mayar da su. Na daɗe ina juya wannan bambanci a raina, domin na tabbata ba rashin iya allura ne ya kawo shi ba.

Sai an san irin sanyin nan kafin a gane sana'ar. Nebraska fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutsen da zai tare iskar da ke gangarowa daga Kanada. A watan Janairu akwai ranakun da ma'auni ke sauka digiri 20 ƙasa da sifili, a rufe makarantu, a rufe manyan hanyoyi, kowa ya zauna inda yake. Har yau ana tuna guguwar 12 ga Janairu, 1888, wadda ta halaka mutum kusan 235 a wannan yanki, da yawansu yara ne da ta rutsa da su a hanyar komowa daga makaranta. Manoman wancan zamani ba su da itacen ƙonawa isasshe, kasuwa kuma tafiyar kwanaki ce. Matar da ba ta tara abin rufa tun da kaka ba, ran 'ya'yanta ta saka a haɗari. Daga wannan larura bargon ƙyalle ya kafu a gidajensu.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ta nuna mini yadda ake yi. Hawa uku ne: fuska, da ciko na auduga a tsakiya, da shafi a ƙasa. Fuskar ce mai cin lokaci. Takan yanka ƙyallaye a kan ma'auni, murabba'i da masu kusurwa uku, ta haɗa su biyu-biyu a keke, tana barin bakin ɗinki rubu'in inci daidai. Ko wane haɗi ta yi sai ta bi shi da guga kafin ta ƙara wani, domin in kuskure ya shiga tun farko, kusurwoyi ba za su haɗu ba a ƙarshe. Idan fuska ta kammala sai ta shimfiɗa hawa ukun, ta ɗaure su a katako, ta koma allurar hannu. Hannun dama na sama da ɗan murfin ƙarfe a yatsa, na hagu na ƙasa yana jiran tsinin allura; da ya taɓa fatar yatsa sai ta mayar da shi sama. Haka take bi layi-layi har audugar ta kamu, ba ta dunƙulewa ko an wanke. Bargo ɗaya kan cinye mata sanyin shekara guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan farin ƙyallen da take ɗinkawa a baya, mai ɗauke da sunanta, da garin, da shekarar, da sunan wanda aka yi dominsa. Ta ɗauko mini wani na kakarta, wanda aka haɗa da buhunan fulawa a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, har kamfanoni suka riƙa buga furanni a jikin buhu saboda sun san mata za su mayar da shi tufa. Ta san ko wane ƙyalle daga ina ya fito.

Wannan riƙon ne ya kai aikin matan karkara gidan tarihi. A birnin Linkon, Jami'ar Nebraska na da gida guda na barguna kawai, wanda aka kafa a 1997 da kyautar kusan guda 1,000 daga Ardis da Robert James, yanzu kuma akwai na ƙasashe fiye da 50 a ciki. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi baƙar fata sun riƙa haɗa bargo da tsofaffin wandunan gona don kawai kada sanyi ya kashe su. A 2002 aka baje aikinsu a gidan zane na birnin Hustan, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansa a jikin kan sarki. Tsumma ne, amma da aka girmama hannun da ya ɗinka shi, sai ya zama abin alfahari na ƙasa.

To mu koma gida. Wanda ya shiga Babbar Kasuwa da hunturu ya san hidimar: barguna masu laushi, yawancinsu 'yan Sin, an jera su cikin jakar leda mai zif, mai shago na cewa, "Hajiya, ɗaga ki ji nauyi, wannan mai hawa biyu ne." Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara. Can gefe 'yan gwanjo sun kwance dila, mata sun duƙa suna zaɓen rigar sanyi da hula da safa, waɗanda wasunsu daga irin waɗannan ƙasashe na ƙanƙara suka fito bayan masu su sun gama da su. Ka nemi gwado ko luru, saƙar hannu ta audugarmu da kakanninmu suka rufa da ita, sai ka sha tambaya kafin a nuna maka mai shi. Ga shi kuwa jiharmu ce ta Funtuwa da Malumfashi, inda auduga ta yi suna tun zamanin Turawa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da yin shiru, babbar masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007. Mun bar kaɗi da saƙa saboda masaƙa, masaƙa kuma ta tafi ta bar mu da kayan waje.

Amma kada wani ya ce ba mu san ɗinkin ciko ba. Ka tsaya a filin Kangiwa ranar hawan Sallah ka dubi 'yan lifida. Abin da ke jikin dawakinsu hawa uku ne shi ma: yadi a sama, audugar rimi a tsakiya, yadi a ƙasa, an bi su da ɗinki layi-layi, sau da yawa an haɗa fuskar da ƙyallaye masu launi daban-daban. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausawa. Ke nan tun kafin Turawa su taka Amurka muna cusa auduga tsakanin yadi biyu har ta tare kibiya. Dabarar ɗaya ce da ta maƙwabciyata. Sai dai mu maza ne suka riƙe ta, a hidimar fada da fagen fama; su kuwa mata ne, a hidimar gado da shimfiɗar jariri.

Akwai dalilai, kuma ba duka ne laifinmu ba. Ɗarinmu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, na dare da asuba. Hantsi na yi rana ta buɗe. Ɗakin ƙasa na riƙe ɗumi, ga kaskon wuta, ga gwado, sun wadatar. Sa'an nan hunturu ba ya kulle mu a gida. Lokaci ne na bayan kaka, na bukukuwa da cin kasuwa da noman rani, babu zaman jiran gari ya buɗe. Matanmu kuma ba su taɓa zama hannu rabbana ba: ga ɗinkin hula da kan ɗauki makonni, ga saƙar faifai, ga ƙuli-ƙuli da ƙosai. Allurarsu ta bi inda kuɗin cefane yake, kuma babu mai ganin laifinsu.

Dalili ɗaya ne nake ganin ya kamata mu sake dubawa, wato kunyar faci. Na kira Gwaggo a waya kwanan baya, muka gaisa, na ce, "Gwaggo, ya ɗari?" Ta ce, "Lokacinsa ne, ɗiyata." Da na ba ta labarin bargon ƙyalle sai ta ce, "Ikon Allah! To mi ya yi zafi? Ki kai wa amarya tsumma cikin kayan ɗaki, dangin miji su yi da ke?" Gwaggo gaskiyar garinmu ta faɗa. A wurinmu sabo shi ne mutunci, faci kuwa shaidar babu. Tsohon zane kan zama zanen goyo, ya zama gammo, ya ƙare a tsumman goge-goge, ba ya komawa sama. Alhali mun taso muna jin malamai na ba da labarin Sayyadina Umar, yana Halifa, rigarsa da faci. Matan Bangaladash na jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke su zama abin rufa, matan Sindh a Fakistan ma haka, kuma Musulmi ne irinmu da yawansu, ba su ɗauke shi abin ɓoyewa ba.

Ba ina cewa mu kwashi duk abin da ake yi a nan ba. A yau yawancin masu wannan ɗinki a Amurka ba larura ce ke sa su ba. Sabon yadi suke saye da tsada su yayyanka, wasu har da keken da kuɗinsa ya kai dubban daloli. Wannan nishaɗin mai hali ne, ba shi nake mana sha'awa ba. Asalin nake so: kada a zubar da abin da zai amfani wani, kuma a san sunan mai aiki. Wa zai iya faɗa maka sunan matar da ta ɗinka hular da ke kansa? Wa ya san masaƙin lurun da ke cikin adakar kakarsa?

Kayan aikin kuwa muna da su fiye da su. Ka leƙa ƙarƙashin keken kowane tela a kasuwa ana jajiberin Sallah ko lokacin ankon biki: ragowar atamfa da shadda da yadi tuli guda, launukan da matan Nebraska ke biyan kuɗi su samu. Kaɗan kan shiga cikon matashi, saura shara ko wuta. A daren da aka ƙone su, akwai almajirin da ke kwance a zaure da rigar jikinsa kaɗai, akwai matan da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana suna rufa 'ya'yansu da mayafi ɗaya. Akwai kuma masu kwana da garwashi a ɗaki a rufe saboda rashin abin rufa, abin da ke jawo gobara da shaƙewar numfashi duk shekara. Bargo mai ciko ba ya bukatar wutar lantarki, ba ya bukatar jari mai yawa: allura, zare, tsohon zane biyu, auduga, da haƙuri. Macen da ta iya zuba ɗinkin hula, wannan ba zai gagare ta ba.

Don haka kirana ga 'yan uwana mata ne, musamman masu haɗuwa a Islamiyya da wajen adashe, da kuma telolinmu. In kin kai ɗinki, ki ce a haɗo miki da ragowar. Tela ya ware buhu guda ya riƙa tarawa. A fara tun da damina, kada a jira jaura, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko a ba jariri ko almajirin gida, na biyu a kai wa wadda ta baro garinsu ba shiri, na uku a gwada shi a Babbar Kasuwa a ga ko zai samu mai taya. Kuma duk wadda ta gama nata, ta ɗinka sunanta da unguwarsu da shekarar a baya, don jikokinta su san aikin hannun wa suke rufa da shi.