Littafin Bashin Baba Da Sabuwar Kwamfuta

Mu huɗu ne muka gaji siton goron mahaifinmu a Aboabo, nan Kumasi, kuma cikin abin da marigayin ya bar mana, Allah Ya jiƙansa, har da wata tsohuwar manhajar kwamfuta wadda ta girmi 'ya'yanmu kaf. Mun ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labarinta, don mun san ba mu kaɗai ne ke riƙe da irinta a zango ba. Akwai masu kantin magani, da masu sayar da kayan mota, da masu hatsi, waɗanda duk lissafinsu yana cikin wata tsohuwar na'ura da suke lallaɓawa kamar ƙwai.

A tsakiyar shekarun 1990 Baba ya sayi kwamfuta, lokacin ana zuwa kallonta kamar amarya. Wani ɗalibin jami'a, ɗan unguwarmu, shi ya zauna kusa da Baba yana tambaya yana rubutawa, har ya tsara masa manhajar da FoxPro a kan DOS. Allo shuɗi, baƙaƙe farare, babu hoto, babu linzami, sai madannai. Amma ta san huhu, ta san ƙwarya, ta san la'adar dillali, ta san cewa mai saro goro daga Tamale ko Bawku ba ya biya sai kaya sun fita a hannunsa. Yaron ya gama karatu ya tafi Turai, ya bar mana manhajar, bai bar mana asalin rubutun da ake gyara ta da shi ba. Mu ma a lokacin ba mu san ana tambayar wannan ba.

Haka ta yi ta aiki. Ta tsallake fargabar shekarar 2000. A 2007 da aka canja kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, kwana uku muka yi muna cire sifili huɗu-huɗu, Baba yana zaune yana cewa shi dai a faɗa masa da tsohon kuɗi. Ko yau babu gurbin momo a cikinta, a gurbin cek muke sa shi.

To, a kwana a tashi, ɗauke wuta da kawo wuta suka cinye tsohuwar na'urar mai Windows XP. Muka sayo sabuwa fil mai Windows 11, muka kwafe manhajar muka danna. Sai ta ce wai wannan ba ya aiki a nan. Muka sake dannawa, amsa ɗaya. Babban yayanmu ya cire hula ya ajiye a kan tebur, don duk wanda muke bi da duk wanda yake bin mu yana cikin nan.

Ɗan ƙanwarmu, wanda ya karanci harkar, shi ya fahimtar da mu. Manhajojin DOS irin tamu an gina su ne don injin da ake kira mai bit 16. Windows mai bit 32 yana da wani ɗan ɗaki a cikinsa inda yake saukar da irin waɗannan tsofaffin baƙi, amma mai bit 64 ba shi da wannan ɗaki, kuma Windows 11 da ya fito a 2021 mai 64 ne kawai. Shi kuwa Windows 10, wanda ake samun mai 32 ɗinsa, an daina kula da shi tun Oktoban 2025, XP kuwa tun 2014. Kamfanin Microsoft, wanda ya sayi masu FoxPro a 1992, ya faɗa tun 2007 cewa ba zai ƙara fitar da sabonsa ba. Wato dai tsohuwar tamu marainiya ce ta kowane ɓangare.

Mafita ita ce a samo wata manhaja mai kwaikwayon DOS, a zaunar da tamu a cikinta. Wani mai gyara ya zo ya saka mana wata da ya sani, shuɗin allo ya bayyana, muka yi hamdala, muka sallame shi har da goro. Da a nan muka tsaya da babu labari.

Amma kwaɗayi ya ja mu. Shago yana bakin titi, sito yana baya, kullum yaro yana zirga-zirga da takarda a tsakani. Muka ce tun da na'urori biyu ne yanzu, a ja waya a haɗa su, littafin ya zauna a ɗaya, duka biyun su riƙa rubutu a ciki. Aka haɗa, ya yi. Mako biyu muna yabon kanmu.

Akwai wata Hajiya mai saro goro daga Tamale, tun zamanin Baba take ciniki da gidanmu. Ta zo ta biya wani kaso mai tsoka na bashinta a shago, aka shigar, aka buga mata rasit. A daidai wannan lokaci ƙaninmu yana sito ya buɗe shafinta yana shigar da sabbin buhunan da za ta ɗauka. Shi shafin da ya buɗe na kafin biya ne, da ya adana sai nasa ya hau kan na shago ya shafe shi. Kuɗin suna cikin akwati, amma a littafi babu su. Da daddare aka ga rara, kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ya manta bai shigar da wani ciniki ba.

Bayan wata guda muka aika mata a kan ta taimaka ta rage bashi, muka faɗi adadi. Ba ta yi musu a waya ba. Mota ta hau tun daga Tamale, ta iso da la'asar, ta kwance bakin gyale ta fito da rasit ɗinmu, mai tambarinmu, ta ajiye. Ta ce, "'Ya'yana, shekara nawa ina ciniki da ubanku, bai taɓa bi na kuɗin da na biya ba." Babban yayanmu ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a yi mana gafara, laifinmu ne." Ta ce ta yafe. Goronmu dai ba ta sake ɗauka ba sai da kaka ta zagayo.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ce littafin gidanku yana ƙarya. Da ta jefar da wannan 'yar takarda fa? Da mun rantse ita ma ta rantse, kuma mu ne za a gaskata, don mu ke da kwamfuta. Wannan tunani ya fi komai hana mu barci.

Da aka bincika, sai ga inda gizo yake saƙa. Ashe ɗalibin nan ya yi aikinsa daidai: manhajar takan nemi a sa wa shafi kwaɗo idan mutum ɗaya yana rubutu, na biyu ya jira. Amma mai kwaikwayon da aka zaunar da ita a ciki don wasannin da aka yi shi, inda mutum ɗaya ne ke zaune gaban allo. Manhajar ta ce a kulle, ba wanda ya kulle. Mu muka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ga kuma wata matsala: don sauri, kowace na'ura takan riƙe wani yanki na fayil a wurinta kafin ta mayar, shi ya sa fihirisar sunaye ta riƙa hargitsewa, a nemi mutum a ce babu shi alhali yana nan.

Mai gyaran ya kawo shawarar a nemo tsohuwar XP a kasuwa ta riƙe littafin, a buɗe wa sababbin wata tsohuwar ƙofar sadarwa da ake kira SMB1 don su ga juna. Ɗan ƙanwarmu ya ce, "Kawu, kada garin neman gira a rasa ido." Ta wannan ƙofa ce cutar WannaCry ta shiga na'urori a Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane ana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka tsaya. Sababbin Windows kuwa suna zuwa da ita a rufe.

Abin da muka koma kai shi ne vDos, wanda aka yi shi don manhajojin kasuwanci, yana isar da kwaɗon zuwa Windows, yana kuma tura rasit zuwa injin bugawa na zamani, tun da sababbin na'urori ba su da faffaɗan ramin nan na da. Amma ba mu yarda da baki ba. Mutum biyu suka zauna, ɗaya a shago ɗaya a sito, aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka buɗe shafi ɗaya. Na biyun aka ce masa ya jira. Sau ashirin muka maimaita. Duk wanda zai haɗa tsohuwar manhaja a na'ura biyu, don Allah ya yi wannan gwaji kafin ya shigar da kuɗin kowa, kuma a kan kwafi zai yi, ba a kan ainihin littafin ba.

Yanzu kowane dare, bayan kowa ya fita daga manhajar, ana kwafe littafin a filashi biyu, ɗaya ya kwana a shago ɗaya ya tafi gida. Ƙarshen kowane wata a buga sunayen masu bashi a takarda. Mun kuma gano cewa fayilolin, masu ƙarewa da DBF, LibreOffice yana buɗe su, don haka ko manhajar ta mutu gobe, sunaye da adadi ba su mutu ba.

Kanmu dai bai haɗu ba tukuna. Ƙananan suna cewa a ƙaura zuwa sabuwar manhaja tun muna da lafiyar yin haka. Manyan suna cewa waɗanda aka nuna mana ba su san huhu ba, wasu kuma sai an biya duk wata, sai da intanet. Mun yanke cewa bayan Sallah za a fara gwada sabuwa da masu ciniki goma, ana rubutawa a duka biyun ana kwatantawa. Babban yayanmu ya sa sharaɗi ɗaya, cewa kada a sa sunan Hajiyar Tamale a cikin goman.