Kalma Ɗaya Kan Ɓata Ciniki

Da yawa daga cikinmu 'yan jami'a muna ɗan taɓa sana'a ta waya. Mukan karɓo hoton atamfa ko takalmi daga 'yan kasuwar Kantin Kwari, mu ɗora a WhatsApp, mu ƙara 'yar riba da za ta rage mana kuɗin mota da na takardu. Sai dai mutum goma kan ɗora kaya iri ɗaya da bayani iri ɗaya. Shi ya sa muke musanya wasu kalmomin bayanin da 'yan uwansu, don namu ya fita daban.

To, ƙannenmu, a nan ake tuntuɓe. Da wuya ka sami kalmomi biyu da ma'anarsu ta zo daidai ta kowace fuska. Atamfar da ba ta zuba daban, wadda ba ta koɗewa daban: ta farko ba ta sakin launi a ruwan wanki, ta biyu rana da yawan sawa ba sa dusashe ta da wuri. Haka "sabuwa" da "kamar sabuwa" a cinikin waya. Man da aka ce yana rage ciwo, in ka rubuta yana warkarwa, ka ɗauki alkawarin da mai man bai ɗauka ba. Ranar da kaya suka isa hannun mai saye ya ga saɓani, kai zai kira, mai shago kuwa bai ma san shi ba.

Don haka muka ɗora wa kanmu ƙa'ida. Kalmomin yabo irin su kyakkyawa da mai ɗaukar ido, muna juya su yadda muke so. Amma lamba, awo da sunan kaya ba ma taɓa su. Yadi 6 yana nan yadi 6, roba ba ta zama fata. In muka yi shakkar wata kalma, sai mu buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ko mu tambayi mai kayan.

Kun san tambayoyin Turanci na jarrabawar WAEC da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana? Ku lura, mafi kusa aka ce, domin ko masu tsara jarrabawar sun san akwai 'yar tazara tsakani. Ku riƙe wannan darasi da kyau tun yanzu. A aji maki ɗaya kuskuren ke cinyewa, amma a kasuwa amanar mai saye yake tafiya da ita, ita kuwa in ta tafi, dawo da ita aiki ne ja.