Rumbun Rumawa yana Afirka

Manomin alkama a fadamar Haɗeja, ko mai shinkafa a bakin kogin Kafin Hausa, ba sai an yi masa dogon bayani kan ambaliya ba. Ya san shekarar da ruwa ya zo daidai da wadda ya zo ya cinye gona, ya kuma ji daga bakin manya yadda kogi ya canza hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974. Daular Rum, wadda ta mulki ƙasa daga Ingila har Sham, irin wannan manomin ne ya ciyar da babban birninta shekaru ɗaruruwa, sai dai shi a gaɓar Nilu yake.

Rum ta fara ne a matsayin ƙaramin gari a bakin kogin Taiba cikin Italiya. A shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kamar yadda tarihinsu ya nuna, suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwin, suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara, majalisar dattawa na riƙe da linzami. Sojansu a lokacin manomi ne, shi ke sayen makaminsa, ya je yaƙi ya dawo ya kama garma.

Yaƙi da Kartaj, birnin da kufansa ke kusa da Tunis a yau, shi ya birkita wannan tsari. Hanibal, jagoran sojojin Kartaj, ya haura duwatsun Alf da giwaye a 218, ya yi wa Rumawa kaca-kaca a Kannai a 216, amma suka ƙi neman sulhu. Sun karya shi a Zama a 202, suka rushe Kartaj ƙurmus a 146. Nasarar ta zo da nata ciwon. Soja zai yi shekaru a bakin daga, ya dawo ya tarar gonarsa ta shige hannun attajiri, bayin da aka kamo a yaƙin da ya yi su ke nome ta. Ina zai nufa? Sai birni, shi da iyalinsa, hannu rabbana.

Wani ɗan babban gida, Tiberiyas Girakus, ya nemi a raba wa talakawa filayen gwamnati. A 133 dattawa suka far masa da kulake, aka jefa gawarsa cikin Taiba. Ƙanensa Gayus ya kawo dokar sayar wa talaka hatsi da rangwame a 123, shi ma bai tsira da ransa ba, amma dokar ta zauna. Zuwa 58 hatsin ya koma kyauta. Yuliyas Kaisar ya tarar da sunaye 320,000 a takardar rabo, ya zaftare su zuwa 150,000. Magajinsa Agustus, wanda da shi mulki ya koma hannun sarki ɗaya, ya tsayar da su wajen 200,000, kowa na karɓar kimanin kilo 33 a wata. Kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce. Rabon na maza ne ’yan ƙasa, bawa ba ya ciki, baƙo ba ya ciki komai yunwarsa. Kuɗin kwantar da hankalin waɗanda za su iya cika dandali da ihu ne.

Birni mai mutum kusan miliyan ba zai ƙoshi da noman Italiya ba. Shi ya sa da Agustus ya ci abokin hamayyarsa Antoni da sarauniyar Masar Kiliyofatra da yaƙi, ya karɓe Masar a shekara ta 30, bai damƙa ta ga majalisa ba. Ya naɗa mata wakili nasa na kansa, ya kuma hana kowane ɗan majalisa taka ƙasar sai da izninsa, don ya san duk wanda ya riƙe Iskandariya zai iya horar da Rum da yunwa. A lokacin ana auna tashin Nilu a matakalar dutse mai zane-zane, irin wadda ke tsibirin da ke Aswan, da wannan awo ake ƙiyasta harajin shekara. Manomi ya auna nasa a masussuka, a loda a kwale-kwale zuwa Iskandariya, daga nan manyan jiragen ruwa su yi makonni suna kokawa da iska kafin su isa Italiya.

Idan jiragen suka makara, sarki ne ke ji a jikinsa. A shekara ta 51 miladiyya jama'a suka tare Sarki Kalaudiyas a tsakiyar dandalin birni, suna zagi suna jifansa da gutsattsarin burodi, da ƙyar ya sulale cikin fada ta ƙofar baya. An ce abincin kwana 15 kacal ya rage a rumbunan gari. Shi ne ya ɗauki alkawarin biyan asarar duk ɗan kasuwar da guguwa ta ci jirginsa a lokacin sanyi, kuma shi ya soma gina sabuwar tashar jiragen ruwa kusa da Ostiya, inda Taiba ke shiga teku. Saftimiyas Seferus, haifaffen Labda a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, ya ƙara man zaitun a cikin rabon.

Ana yawan ɗora faɗuwar Rum a kan ƙabilun arewa, kuma da gaskiya a ciki, amma a duba hatsin. Bayan Sarki Kustantin ya kafa sabon birninsa a gabashin daular a 330, inda Istanbul take yanzu, alkamar Masar ta karkata can, tsohuwar Rum ta dogara ga gonakin Kartaj da aka sake rayawa. A 439 Bandalawa, ɗaya daga cikin ƙabilun nan na arewa, ƙarƙashin Gaisarik suka ƙwace Kartaj, haraji da abinci suka tafi tare. A 455 suka washe Rum kanta, a 476 aka tuɓe sarkin yammacin daular na ƙarshe, yaro ne ma.

Rumawan gabas, waɗanda sura ta 30 a Alƙur'ani ke ɗauke da sunansu, sun ci gaba har 1453. Su ma Masar ta kuɓuce musu: Farisawa suka afka mata, sarkinsu Hiraƙla ya soke rabon burodi kyauta a 618. Ya karɓo ta daga baya, amma bayan Musulmi sun ci Rumawa a yaƙin Yarmuk a 636, kwamandansu Amru ɗan Asi ya shiga Masar, Iskandariya ta miƙa wuya a 642. A zamanin Halifa Umar aka sake haƙa tsohuwar mashigar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, jiragen alkama suka juya suka nufi Hijaz don ciyar da mutanen Madina.