Litinin da Alhamis

Cikin azumin 2020, lokacin kullen korona a Kano, gwamnati ta ba mutane damar fita cefane ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa 4. Kasuwar 'Yankaba ta cika maƙil. Hotuna suka yi ta yawo a wayoyi, ana cewa Kanawa ba sa jin magana.

Maganar nan har yau tana ci mini rai. Mai firiji da buhun shinkafa zai iya zaman gida. Ɗan dako kuwa sai ya fita tukunna a ɗora tukunya, ga tumatir ba ya jure zafin Mayu. Gari guda a awa shida, ina za a kauce wa cunkoso? Tsoro kam da dalilinsa, don an yi ta binne dattawa a waɗancan makonnin. Sai dai haushin ya ƙare a kan baiwar Allah da ta fito awon gero.