Yaƙin da Ba a Yi da Nijar Ba, Kamar Yadda Ake Ganinsa daga Zurmi

Ranar 30 ga Yuli, 2023, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin da suka kifar da gwamnatin Nijar wa'adin mako guda: ko su mayar da Mohamed Bazoum kan kujerarsa, ko a ɗauki kowane irin mataki a kansu, har da ƙarfin soja. Kwana huɗu ke nan da dogaran fadar shugaban ƙasa, waɗanda Janar Abdourahamane Tchiani ke jagoranta, suka tsare shi. A Abuja, batun na tsarin mulki ne da mutuncin ƙungiya. A Zurmi kuwa, ƙaramar hukumar arewacin Zamfara da ta yi iyaka da jihar Maraɗi, tambayar da ke bakin mutane ita ce ina za a gudu idan wuta ta tashi, tunda can ɗin da ake shirin kai wa hari shi ne mafakarsu.

Manufar da aka bayyana a fili take: a kuɓutar da Bazoum, a dawo da mulkin farar hula, a kuma tsorata duk wani hafsan da ke sha'awar juyin mulki, bayan abin da ya faru a Mali da Gini da Burkina Faso. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. An zaɓi Bazoum a watan Fabrairun 2021, kuma shi ne karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a Nijar. Suna kuma da misalin Gambiya, inda a watan Janairun 2017 dakarun ECOWAS suka tsallaka iyaka, Yahya Jammeh ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar ba tare da an gwabza ba.

Sai dai Gambiya ƙasa ce da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita dubu 11 da 'yan kai ba, Senigal ta kewaye ta, kuma shugaban da za a naɗa yana zaune lafiya a Dakar. Nijar ta ninka ta fiye da sau ɗari, shi kuma Bazoum yana hannun waɗanda za a yaƙa, a cikin fadar da za a kai wa farmaki. Harbin farko na iya zama ajalin mutumin da aka je ceto. Ko da an fito da shi da rai, zai koma mulki ne a kan tankokin baƙi, yana umartar rundunar da aka kashe mata 'ya'ya saboda shi. Wa zai tsare shi, kuma har zuwa yaushe? Najeriya ta san amsar daga Laberiya, inda ta shiga a 1990 da tunanin aiki na ɗan lokaci, ta kwashe shekaru tana zubar da jini da dukiya. Ga shi kuma Mali da Burkina Faso sun shelanta cewa duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su.

Mutumin ƙasar Zurmi ba ya bukatar misali daga bakin teku, domin a ƙasarsa aka yi irin wannan gwaji. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin da Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, ya taka rawa a ciki, sarakunan Gobir da na Katsina da aka kora sun ja da baya zuwa arewa. Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa daga baya suka kafa Tsibiri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su da yaƙi a Gawakuke a 1836, amma nasarar ba ta kawo ƙarshen rigimar ba. Magajinsa Abubakar Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi, a hanyar dawowa ya rasu a Katuru ta ƙasar Shinkafi a 1842, shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Har Turawa suka zo, Sakkwato ba ta mallaki Maraɗi da Tsibiri ba, su ma ba su karɓo ƙasarsu ba. Abin da ya dawwama shi ne hare-hare na kai da kawowa, kuma garuruwan bakin daji, irin su Zurmi, su suka riƙa biyan kuɗin. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sun bi kusan wannan tsohon layin daga ne, suka raba dangi gida biyu.

A ƙarnin da ya biyo baya, fatauci da auratayya suka ɗinke abin da yaƙi ya yaga. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana cika da dabbobin Nijar, hatsi da kayan masarufi kuma suna haurawa arewa. Daga 2019, da 'yan bindiga suka tsananta a Zamfara da Sakkwato da Katsina, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙauyukan yankin Gidan Rumji suka karɓe su tun kafin hukumomin agaji su iso. Wanda aka ba shi masauki da tuwo a lokacin da ya rasa kowa, da wuya a gamsar da shi cewa mai masaukin nan abokin gaba ne.

Akwai kuma wani ɗaci na daban. A daidai lokacin da hafsoshin ECOWAS ke tsara yadda za a shiga Yamai, manomin Moriki ko Dauran ba ya iya zuwa gonarsa mai nisa da gari sai da fargaba, matafiyi daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi ko Shinkafi yana tafe yana addu'a, dajin Dumburum kuma yana hannun 'yan bindiga. Tambayar da talaka ya yi ba ta da wuyar fahimta: idan akwai sojoji da jiragen da za a tura wata ƙasa, me ya hana a turo su nan?

Wannan ra'ayi ya isa Abuja da wuri. Sanatocin Arewa suka tuna wa gwamnati cewa jihohi bakwai ne ke kan iyakar, mai tsawon kusan kilomita 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana tura soja yaƙi ƙasar waje sai da amincewar Majalisar Dattawa, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar sulhu. Sarki Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon Kano, ya gana da Tchiani ranar 9 ga wata, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya. A can Yamai kuwa, barazanar ta yi wa sojojin aikin da ba za su iya yi wa kansu ba. Ranar da wa'adi ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché. Ba kowane ɗan Nijar ne ke son mulkin soja ba, amma da aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba su, magani da abinci suka yi tsada, sai ya zama duk mai sukar sojojin ana masa kallon ɗan koren Faransa.

Da an yi yaƙin, mafi kyawun abin da za a samu shi ne a kama Yamai cikin gaggawa, sannan a zauna gadin gwamnatin da ba ta da sojanta. Mafi muni shi ne rundunar Nijar ta tarwatse kamar yadda ta Libiya ta yi a 2011, makamanta su bazu, kuma babu mai shakkar dazukan da za su fara sauka. A kowane hali, sojojin Nijar da ke sintiri a Madarumfa da Gidan Rumji za su bar bakin iyaka, 'yan bindiga su samu fili daga ɓangarorin biyu.

Ba a yi yaƙin ba, amma barazanar da ba a cika ba ita ma ta bar tabo. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, daga nan maganar ta riƙa dusashewa. A watan Satumba ƙasashen uku suka kafa ƙawancen AES, a Janairun 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025. An janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, 2024 ba tare da an saki Bazoum ba. A Maris na 2025 aka rantsar da Tchiani na shekara biyar, Nijar kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi.

Ke nan ba a cimma ko ɗaya daga cikin manufofin ba, an kuma raunana abin da Zurmi ta fi bukata, wato jami'an tsaron ƙasashen biyu su riƙa musayar labari, su bi sawun ɓarawon da ya yi ta'asa a nan ya tsallaka can. Ziyarar da babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kai Yamai a Agustan 2024 yunƙuri ne na gyara wannan ɓaraka. Mutanen bakin iyaka za su gane ko an gyara ne ranar da mai babur ya ɗauko fasinja daga Maraɗi zuwa Zurmi bayan la'asar, ba wanda ya ce masa ya bari sai gobe.