Yankari da Gilashin Kyamara

Wanda ya tafi gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi don ɗaukar hoto zai tarar namun daji ba su jiran kowa. Da rani giwaye da ɓauna sukan gangaro bakin kogin Gaji shan ruwa, galibi da sassafe ko da yamma lis, sa'ad da haske ya ragu. Kusantarsu kuwa haɗari ne, sai daga nesa.

Gilashin jawo nesa kusa mai araha, idonsa ba ya buɗewa ya wuce f/5.6. Haske kaɗan ke shiga, tilas kyamara ta jinkirta ƙiftawa, giwa ta kaɗa kunne, hoto ya fito dishi-dishi. Mai f/2.8 kuwa yana shigar da hasken nan har sau 4, saboda haka ƙiftawar 1/125 na daƙiƙa sai ta koma 1/500.

Amma fa irin wannan, mai milimita 70 zuwa 200, ya wuce kilo 1, ga tsada. Mai karatu, in hoton iyalinka a ruwan ɗumi na Wikki kake so da rana tsaka, tsohon gilashinka ya isa, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara. In kuwa giwar magariba kake nema, sai ka fara tanadi tun yanzu.