Ranar da Cali Ya Yi Rawa da Duniya

A wannan fitowar ba labarin soyayya na kawo maku ba, labarin wani tsohon fim ne da ya raba ni da wata damuwa.

A littafin da nake rubutawa akwai wani attajiri da ya auri 'yar makaranta da ƙarfin kuɗinsa, ni kuwa na mayar da shi abin dariya tun daga tafiyarsa har cin tuwonsa. Da Yaya ya karanta sai ya tsuke fuska ya ce, "Ke ba kya gudun wani ya ce da shi kike? Cire babin nan tun kafin ki jawo mana magana." Wallahi kwana uku ban taɓa biro ba. Rana ta huɗu shi da kansa ya miƙo min wayarsa yana ƙyalƙyala dariya, wai in ga wani mai guntun gashin baki yana wasa da balan-balan mai zanen duniya.

Sunan fim ɗin The Great Dictator, na Cali Caflin, wanda daga sunansa muka samo kalmar cali-cali. Na kalle shi tas, sannan na shiga bin diddigin yadda aka yi shi.

Ashe Hitila na Jamus yake kwaikwayo. Abin mamaki, kwana 4 ne kacal tsakanin haihuwarsu, Cali 16 ga Afrilu 1889, Hitila 20 ga wata, ga kuma gashin baki iri ɗaya. Shi ya sa Cali ya fito a mutum biyu: azzalumin shugaba, da wani talaka Bayahude mai aski da suke kama kamar an tsaga kara.

Lokacin da ya fara shiri, manyan kamfanonin fim na Amurka suna tsoron taɓa Hitila saboda kasuwarsu, aka yi ta ba shi shawarar ya haƙura. Ya ƙi. Daga aljihunsa ya zuba fiye da dala miliyan 1. An fara ɗauka a Satumba 1939, 'yan kwanaki bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, fim ya fito a Oktoba 1940. Kuma shi ne fim ɗinsa na farko mai cikakkiyar magana, bayan shekara da shekaru yana sa mutane dariya ba tare da ya buɗe baki ba.

Ga wasu abubuwan da ido ba zai gane ba. Jamusancin da yake zabgawa a gaban taro yawancinsa shirme ne ya ƙirƙira, amo ne kawai da kumfar baki. Rubutun da ke jikin shagunan unguwar Yahudawa da Esperanto aka yi shi, wani harshe da aka ƙago wanda ba na kowace ƙasa ba ne. Budurwar mai askin kuwa matar Cali ce ta gaske, Paulette Goddard, ya kuma raɗa mata Hannah a fim ɗin, sunan mahaifiyarsa wadda ta sha fama da talauci da taɓin hankali. Auren nasu ya mutu a 1942.

Wansa Sidni yakan zo wurin ɗauka da 'yar kyamararsa, kuma a hotunansa ne daga baya aka ga Cali ya gwada rufe fim ɗin da sojoji suna tiƙar rawa. Ya watsar da wannan. Maimakon haka mai aski ya tsaya ya dubi masu kallo ya yi doguwar magana kan tausayi da 'yanci, ba wasa ko kaɗan a ciki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya rubuta a tarihin rayuwarsa a 1964, cewa da ya san ainihin ta'asar da ake yi a sansanonin Hitila, da bai iya yin fim ɗin ba. Jikina ya yi sanyi. Na koma na buɗe babin nawa, sai na ga ba attajirin kaɗai na yi wa dariya ba, har da yarinyar, a daren da aka kai ta tana kuka. Kunya ta kama ni.

Na bar attajiri da tumbinsa da santsin bakinsa, ko harafi ban rage ba. Daren kai amarya kuwa na sake shi gaba ɗaya, na cire duk wani barkwanci. Na kai wa Yaya, ya karanta ya daɗe bai ɗago ba, can ya ce, "To, ki kai a buga. In magana ta zo, ni zan tare."

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.